Lauya Ya Zama Tauraro, Marayu Suna Jiran Kuɗinsu

A zangon farko na shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai suna Better Call Saul, an nuna Jimmy McGill, lauyan da aljihunsa ya bushe ƙarƙaf. Ofishinsa wani ɗan lungu ne a bayan shagon gyaran farce a birnin Albuquerque, nan yake karɓar baƙi, nan kuma yake shimfiɗa ya kwana. Ya tattara abin da ya samu ya kafa katafaren allon talla a bakin babbar hanya, kotu ta ce a sauke shi domin ya kwaikwayi tambarin wani babban kamfanin lauyoyi. Ranar saukewa sai ga shi da wasu ɗalibai riƙe da kyamara. Ma'aikacin da ke can sama ya zame, ya yi ta reto a jikin igiya, Jimmy ya haura tsani a guje ya jawo shi, mutane na ƙasa suna kallo baki buɗe. Da hannunsu ya haɗu, kuɗi ya wuce daga tafin lauya zuwa tafin ma'aikaci. Duk abin shiri ne. Jarida ta buga labarin, wayar da ta daɗe ba ta yi ƙara ba ta fara cika da saƙonnin masu neman lauya.

Shirin, wanda Vince Gilligan da Peter Gould suka ƙirƙira, ya gudana daga 2015 zuwa 2022, zango shida, kashi 63. Yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a kan wani jigo da marubutan Turai da Amurka suka daɗe suna juyawa: lauya mai baki da basira ya ɗanɗani zaƙin suna, ya bi shi, aikinsa ya lalace, gidansa ya watse. Labarai ne da suka cancanci a karanta su, a kalle su da natsuwa, domin sun gano inda cutar take farawa. Amma akwai wani gurbi da kusan dukansu suke bari, kuma gurbin ba ƙarami ba ne. Kyamara tana bin lauyan har cikin ramin da ya faɗa, ta zauna tare da shi tana jin tausayinsa, mutanen da ya tattake a hanya kuwa sai a wuce su da sauri.

Akwai dalilin da ya sa Amurka ta zama gidan irin wannan labari. Tun a 1924 wata 'yar jarida ta Chicago Tribune, Maurine Dallas Watkins, ta bi shari'ar wasu mata biyu, Beulah Annan da Belva Gaertner, waɗanda aka tuhuma da kisan samarinsu. Jaridu suka mai da su taurari, ana bayyana rigunansu da kwalliyarsu kamar masu zuwa biki, kuma duka biyun aka wanke su. Watkins ta mai da abin da ta gani wasan kwaikwayo mai suna Chicago a 1926, daga baya ya zama wasan waƙa a 1975, sannan fim a 2002 wanda ya ci kyautar Oscar shida. Lauyan cikinsa, Billy Flynn, dala dubu biyar yake karɓa, kuma aikinsa na farko shi ne ya rubuta wa wadda yake karewa sabon tarihin rayuwa da zai sa 'yan jarida hawaye. Flynn bai faɗi ba. Wadda aka rataye a labarin wata baƙuwa ce 'yar Hungary, ba ta jin Turanci, ba ta da kuɗin babban lauya, kuma komai ya nuna ba ta aikata laifin ba.

Sai doka ta buɗe ƙofa. A 1977 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bates da ƙungiyar lauyoyin jihar Arizona, ta yanke cewa lauya yana da 'yancin tallata aikinsa. Allunan talla suka cika hanyoyi, fuskokin lauyoyi suka hau jikin motocin haya da bencin tasha. A 1991 aka buɗe tashar Court TV wadda sana'arta nuna shari'a kai tsaye, a 1995 kuma shari'ar O.J. Simpson ta mai da lauyoyinsa sanannu a kowane gida. Ɗaya daga cikinsu, F. Lee Bailey, ya riga ya yi suna tun shekarun 1960, har shirin talabijin ya taɓa gabatarwa. Ƙarshensa: ya yi kwana 44 a tsare a 1996 kan rikicin hannun jarin wani da yake karewa, jihar Florida ta soke lasisinsa a 2001, Massachusetts ta bi sahu a 2003, ya bayyana karayar arziki a 2016, ya rasu a 2021 ba tare da ya sake tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya ba. Marubucin da ke neman labari a irin wannan ƙasa ba sai ya wahalar da kansa ba, ya buɗe jarida kawai.

Sai dai wanda ya fi kowa tono asalin cutar Bafaranshe ne, kuma ya yi haka tun kafin zamanin Court TV. A littafin Albert Camus mai suna La Chute, wanda ya fito a 1956, wani mutum da ke kiran kansa Jean-Baptiste Clamence yana zaune a wata mashaya a Amsterdam yana ba wani baƙo tarihinsa. A da babban lauya ne a Paris, ya shahara da kare zawarawa da marayu, yakan ƙi karɓar kuɗin talaka, kowa na yabonsa. Yana son taimakon makafi su tsallaka titi. Wata rana ya lura da wani abu a halinsa: idan ya kai makaho ɗaya gefen, sai ya ɗaga masa hula don girmamawa. Makaho ba ya ganin hula. To wa ake ɗaga wa? Masu kallo. Daga nan ginin da ya yi wa kansa ya fara tsagewa, har ya tuna wani dare da ya wuce wata mace a kan gada, ya ji ƙarar faɗawarta cikin kogin Seine, ya ji ihunta, ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya domin babu mai ganinsa.

Wannan hular ita ce zuciyar maganar. Aikin lauya amana ce tsakanin mutum biyu: wanda ke cikin matsala, da wanda ya san doka. Ranar da mutum na uku ya shigo, wato mai kallo, kuma lauya ya fara juya fuskarsa gare shi, to wanda ya kawo ƙara ya zama kayan aiki. Sata da ƙarya da zaman gidan yari duk daga baya suke zuwa.

Fim ɗin The Devil's Advocate na 1997 ya faɗi wannan da babbar murya, watakila ma fiye da kima. Kevin Lomax, wanda Keanu Reeves ya fito a matsayinsa, matashin lauya ne a Florida da bai taɓa faɗuwa a shari'a ba. Yana kare wani malamin makaranta da ake zargi da lalata da ɗaliba, ya gane a tsakiyar shari'a cewa mutumin ya aikata, amma don kada a ce ya faɗi, ya ragargaza yarinyar da tambayoyi har ta fashe da kuka. Wani babban kamfani a New York ya ɗauke shi, matarsa ta zauce tana kiransa ba ya waiwaye, ta kashe kanta, sannan ya gano maigidan nasa Shaiɗan ne da kansa. A ƙarshe aka maido shi ranar shari'ar farko, ya janye daga kare malamin ko da zai rasa lasisi. Sai wani ɗan jarida ya tare shi da alkawarin zai mai da shi tauraro saboda wannan jarumtar, shi kuma ya amince. Ɗan jaridar ya rikiɗe ya zama Shaiɗan. Fim ɗin ya yi gaskiya a nan: har tuba ma ana iya yin ta don a gani. Yarinyar da aka tozarta a kotu kuwa, mintuna kaɗan aka ba ta.

Better Call Saul ya fi su haƙuri, shi ya sa ya fi shiga rai. Jimmy, wanda Bob Odenkirk ya fito a matsayinsa, ba mugu ba ne a farko. Ya yi karatun lauya ta wasiƙa yana aikin rarraba takardu a kamfanin yayansa Chuck, yayan da ya toshe masa hanya a ɓoye domin bai yarda ƙanen nasa ya cancanci rigar lauya ba. Jimmy yana rubuta wa tsofaffi wasiyya a kan kuɗi kaɗan, yana zama ya saurare su, shi ne ma ya bankaɗo yadda wani gidan kula da tsofaffi mai suna Sandpiper yake tsuga musu kuɗi. Amma duk lokacin da hanya ta yi tsawo sai ya yanke. Ya sauya lambar adireshi a takardun yayansa don ya kunyata shi gaban hukuma. Da yake son a gaggauta sulhu a shari'ar Sandpiper domin ya karɓi kasonsa, sai ya shiga tsakanin wata tsohuwa mai suna Irene da ƙawayenta, ya sa suka daina gaishe ta, suka bar ta tana tafiya ita kaɗai a baya, har ta fashe da kuka a wurin wasa gaban jama'a. Tsohuwar nan ta ɗauke shi kamar ɗa. Wannan fagen ya fi duk harbe-harben shirin ciwo, kuma nan ne marubutan suka fi kusa da gaskiya.

Daga baya shi da matarsa Kim Wexler suka ƙulla wa wani lauya, Howard Hamlin, sharrin shan hodar iblis har sunansa ya ɓaci, aka kuma harbe shi a falonsu a daren da ya zo yi musu ƙorafi. Aure ya mutu. Jimmy ya koma Saul Goodman gaba ɗaya, mai riguna masu ƙyalli da tallace-tallace a talabijin, lauyan masu safarar ƙwaya. Da asiri ya tonu ya gudu Omaha da sabon suna yana sayar da burodi mai zaƙi a wani shago, da dare yana kallon tsofaffin tallansa a kaset shi kaɗai. Wata tsohuwa ce ta gano shi, ta ga tallan nan a intanet, 'yan sanda suka tsamo shi daga cikin kwandon shara. Ya yi ciniki da masu gabatar da ƙara har hukuncinsa ya sauko shekara bakwai da rabi, sannan ya miƙe a kotu ya faɗi gaskiya don ya wanke Kim, aka yanke masa shekara 86.

Ƙarshe ne mai kyau, mai sanyaya zuciya. Matsalarsa ita ce ba haka abin yake faruwa ba.

A 2018, shirin yana tsakiyar tasowa, wani lauyan California mai suna Michael Avenatti ya zama fuskar da aka fi gani a tashoshin labarai na Amurka. Shi ne lauyan wata mata mai suna Stormy Daniels a rikicinta da Shugaba Donald Trump, kuma cikin 'yan watanni ya bayyana a CNN da MSNBC fiye da sau ɗari. Har jihar Iowa ya je yana auna ko zai tsaya takarar shugaban ƙasa. A watan Maris na 2019 aka kama shi kan yunƙurin tatsar kamfanin Nike fiye da dala miliyan 20, aka yanke masa wata 30. A 2022 aka same shi da laifin karkatar da kusan dala 300,000 na kuɗin littafin Daniels ɗin da yake karewa, aka yanke masa shekara huɗu. A Disambar wannan shekarar wata kotu a California ta yanke masa shekara 14 kan sace kuɗin mutanen da yake wakilta, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta sa an sake duba tsawon hukuncin daga baya. Cikin waɗanda ya cuta akwai wani mutum da ƙafafunsa suka shanye, wanda ƙaramar hukumar Los Angeles ta biya diyyar dala miliyan 4. Avenatti ya karɓi kuɗin, ya ce masa ba su zo ba, ya riƙa tsakura masa 'yan canji a matsayin rance har shekara huɗu. A lokacin da masu gabatar da shirye-shirye suke rububin gayyatarsa, mutumin nan yana zaune a keken guragu yana jiran kuɗin da sun daɗe da shiga asusun lauyansa. Avenatti ya amsa wannan laifin, amma sai bayan kotu biyu sun riga sun kama shi.

Na Tom Girardi ya fi muni. Yana cikin lauyoyin da suka sa kamfanin wuta da iskar gas na PG&E ya biya mutanen garin Hinkley dala miliyan 333 a 1996 kan gurɓata musu ruwa, shari'ar da ta haifi fim ɗin Erin Brockovich a 2000. Matarsa, mawaƙiya Erika Jayne, ta shiga shirin The Real Housewives of Beverly Hills a 2015, inda ake baje kolin gidaje da jiragen sama da kayan sawa. Ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin Lion Air ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗa tekun Java jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta, mutum 189 suka mutu. Wasu iyalai a Indunusiya suka ba kamfanin Girardi amanar shari'arsu. Boeing ya biya. Wani kaso na kuɗin bai kai hannun matan da suka rasa mazaje da yaran da suka rasa iyaye ba. A Disambar 2020 wani alƙalin tarayya a Chicago ya gano aƙalla dala miliyan 2 na waɗannan iyalai sun yi ɓatan dabo, ya rufe asusun Girardi, wata guda bayan matar tasa ta nemi saki. Aka soke lasisinsa a 2022. A Agustan 2024 aka same shi da laifin cinye fiye da dala miliyan 15 na wasu mutanen dabam, ciki har da wani matashi da ya ƙone a fashewar bututun iskar gas, wanda aka biya diyyar dala miliyan 53 amma aka ce wa iyalinsa miliyan bakwai ne da 'yan kai. A 2025 aka yanke masa shekara bakwai da wata uku, yana da shekara 86. Bai miƙe ya faɗi gaskiya ba. Lauyoyinsa sun ce tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, sun kuma ɗora laifin a kan mai kula da kuɗin kamfanin.

Abin da ya fi tayar da hankali a labarin Girardi shi ne adadin da hukumar lauyoyin California ta fitar da bakinta: an kai mata ƙorafi 205 a kansa cikin shekara arba'in, bai taɓa fuskantar horo a bainar jama'a ba sai da komai ya rushe. Mutane sun yi ta kuka, ba a saurare su ba, domin wanda suke ƙara sananne ne, mai kyauta, mai abokai a cikin alƙalai da 'yan siyasa da jami'an hukumar kanta. Suna ya zame masa katanga. Ƙagaggun labarai sukan nuna shahara a matsayin giyar da take bugar da lauya shi kaɗai, alhali a zahiri tana bugar da waɗanda aka ɗora wa alhakin sa masa ido, da 'yan jaridar da ya kamata su tambaye shi, da jama'ar da ke tafa masa. Labarin da ya tsaya a kan raunin zuciyar mutum ɗaya ya sauke wa duk waɗannan nauyi.

Za a ce labari dole ya sami jarumi, kuma mai faɗowa daga sama ya fi mai jira a ƙasa daɗin kallo. Gaskiya ne jira ba shi da armashi a allo. Amma marubutan Better Call Saul da kansu sun nuna ana iyawa, da Irene, da matar Howard wadda aka bari da ƙaryar cewa mijinta mashayi ne da ya kashe kansa. Da sun ba irin waɗannan mutane kashi goma maimakon fage biyu ko uku, da shirin bai rasa komai ba. Matar da ke wani gari a Indunusiya tana karɓar wasiƙu daga Los Angeles masu cewa ta ƙara haƙuri, tana lissafin kuɗin makarantar yara, tana jin kunyar ta matsa wa babban mutum, labarinta bai gaza na mai rigar ƙyalli ba.

Kada kuma a ɗauka duk lauyan da ya yi suna abin zargi ne. Najeriya ta ga Gani Fawehinmi, wanda ya san amfanin jarida sarai, ya kuma yi amfani da ita, tun daga bin kadin kisan ɗan jarida Dele Giwa a 1986 har zuwa artabunsa da gwamnatocin soja. Sunan da ya yi ya jawo masa tsarewa sau da dama, kuma har ya rasu a 2009 talakawa suna kiransa nasu. A ƙasar da mai ƙarfi kan iya binne shari'a a cikin shiru, wani lokaci hayaniyar lauya ce kaɗai take hana a manta da wanda aka zalunta. Abin dubawa shi ne inda hasken yake sauka bayan an gama magana da 'yan jarida: a kan wanda aka zalunta, ko a kan mai maganar.

Dokokin aikin lauya a Najeriya sun fi na Amurka tsauri a kan talla, kuma sun wajabta wa lauya ya ajiye kuɗin wanda yake wakilta a asusu dabam, ya kuma ba shi bayani a kansu. Akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, mai ikon dakatar da lauya ko cire sunansa daga rajista. Amma Facebook da TikTok sun buɗe ƙofar da doka ba ta hango ba, kuma mai kuɗin gado ko diyyar fili ko haƙƙin mamaci a hannun lauya yakan zaɓi wanda ya fi gani a waya. Marubutan littattafan Hausa da masu shirya fina-finai masu dogon zango, waɗanda suka saba da rikicin gado da zaman kotu, suna da damar ba da wannan labari daga ɓangaren da Amurkawa suka bari, wato daga tsakar gidan masu jira. Mai karatu kuwa da yake da shari'a a hannun lauya, komai girman sunansa, yana da haƙƙin ya ga takardar sulhu da idonsa, ya san nawa aka biya da ranar da aka biya, ya karɓi lissafi a rubuce. Idan an hana shi, ya kai ƙorafi ga reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA mafi kusa da shi, kada ya tsaya jin nauyi.